Yadda Ɗalibi Zai Cancanci Shiga Ƙungiyar National Honor Society a Sakandaren Amurka

Iyayen da 'ya'yansu ke karatun sakandare a Amurka sukan ji sunan National Honor Society, wadda ake taƙaitawa da NHS, a bakin yaran ko a takardun da makaranta ke aikowa gida, kuma da yawa sukan ɗauka cewa kyauta ce da ake bai wa wanda ya zo na ɗaya a aji. Ƙungiya ce ta karrama ɗalibai wadda ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasar, wato NASSP, ta kafa a shekarar 1921, bisa jagorancin Dakta Edward Rynearson, shugaban makarantar Fifth Avenue da ke birnin Pittsburgh, inda aka buɗe reshe na farko. A yau tana da rassa a dukkan jihohin Amurka da kuma makarantu masu bin tsarin Amurka a wasu ƙasashen. Abubuwa huɗu ake aunawa kafin a karɓi ɗalibi: ƙwazon karatu, hidimar sa kai, shugabanci da halin kirki. Maki shi ne ke sa a dubi takardar yaro tun farko, amma sauran ukun ne ke yanke hukunci, kuma a nan ne yaranmu suka fi samun tangarɗa, sau da yawa saboda ba su rubuta ayyukan da suka daɗe suna yi ba.

Mataki na farko: a nemo dokokin reshen makarantar

Kafin komai, sai a tabbatar makarantar tana da reshe, domin ta hanyar reshen makaranta kawai ake shiga, kuma ba a aika takardar nema zuwa babban ofishin ƙungiyar da ke Reston a jihar Virginia. Kundin ƙungiyar ya shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa, sannan ya bar wa kowace makaranta damar tsaurara nata, saboda haka abin da ya shigar da ɗan maƙwabci a wata makaranta ba lallai ne ya shigar da naka ba. Kundin ya wajabta wa kowane reshe ya bayyana hanyar zaɓensa a rubuce, yadda ɗalibai da iyaye za su iya gani, kuma yawanci ana samun wannan bayani a littafin dokokin ɗalibai ko a shafin makarantar na intanet. Idan ba a same shi ba, sai a tambayi malamin da ke kula da reshen. Abubuwan da za a nema a ciki su ne makin da ake buƙata, ajin da ake fara zaɓe, adadin sa'o'in hidima idan an ƙayyade, da watan da ake raba fom.

Akwai wasu ƙungiyoyi masu suna mai kama da wannan da ke aiko wasiƙa kai tsaye zuwa gida, da takarda mai ado da hatimi, suna taya yaro murna tare da neman a biya kuɗin rajista. Waɗannan daban suke. Gayyatar NHS daga cikin makaranta take fitowa, kuma duk wasiƙar da aka yi shakka a kanta, a kai ta wurin mai ba ɗalibai shawara ya duba kafin a biya ko sisi.

Mataki na biyu: aji da tsawon zama a makarantar

Sakandaren Amurka tana da aji huɗu, daga na 9 zuwa na 12, waɗanda suka yi daidai da JSS 3 zuwa SS 3 a lissafin Nijeriya. 'Yan aji na 10 da na 11 da na 12 ne kundin ya amince a zaɓa, kodayake makarantu da yawa ba sa farawa sai a aji na 11. Ana kuma buƙatar ɗalibi ya yi aƙalla zangon karatu guda, wato rabin shekarar karatu, a makarantar da ke son karrama shi, domin malamai su samu damar sanin ko wane ne. Wannan sharaɗi ya fi shafar iyalan da suka sauya gari da yaran da suka iso ƙasar a tsakiyar shekara. Ga ƙananan ɗalibai akwai National Junior Honor Society da aka kafa a 1929, amma zama mamba a cikinta ba ya shigar da yaro babbar kai tsaye, sai an sake tantance shi daga farko.

Mataki na uku: maki, da yadda ake lissafa shi

Mafi ƙarancin abin da kundin ya yarda da shi shi ne matsakaicin maki na 3.0 a ma'aunin 4.0, ko kashi 85 cikin ɗari, ko harafin B. Makarantu da dama sun ɗaga nasu zuwa 3.5 ko sama da haka. Wannan matsakaici, wanda ake kira GPA, ana samun sa ne ta hanyar bai wa kowane harafi lamba: A ita ce 4, B ita ce 3, C ita ce 2, D ita ce 1, faɗuwa kuma sifili. Yaron da ya ɗauki darussa biyar masu nauyi ɗaya ya samu A biyu da B biyu da C ɗaya, jimillarsa 16 ce, idan an raba gida biyar kuma sai a samu 3.2.

Abin da ya kamata iyaye su riƙe da kyau shi ne cewa makin na tarawa ne tun daga ranar farko ta aji na 9, kuma duk abin da aka samu a baya yana bin yaro har ya gama. A ɗauka ɗalibi ya yi sakaci a aji na 9 ya ƙare da 2.6, sannan ya farga ya ci A a kowane darasi a aji na 10. Idan yawan darussan shekarun biyu ɗaya ne, matsakaicinsa zai tsaya a 3.3, wanda bai kai ba a makarantar da ke neman 3.5. Sai ya sake yin wata shekara cur ba tare da B ko ɗaya ba kafin ya haura 3.5 da kyar, kuma a lokacin ya riga ya shiga ajin ƙarshe. Shekarar da yaro ke sabawa da sabuwar makaranta, wadda iyaye kan yi masa uzuri a cikinta, ita ce shekarar da ta fi tsada a wannan lissafi.

Sai kuma bambancin ma'auni. Wanda ya saba da tsarin WAEC ya san cewa 75 cikin ɗari A1 ce, abin a yanka kaza. A yawancin makarantun Amurka kuwa A tana farawa ne daga 90, B daga 80, shi kuma 75 C ne kawai. Uban da ya ga 78 a takardar ɗansa ya ce madalla yana iya yin shekara guda bai gane cewa yaron yana ƙasa da layin ba. Haka nan, makin ba daga jarrabawar ƙarshen zango kaɗai yake fitowa ba, ana haɗa aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje, ayyukan rukuni, wani lokaci har da yadda ɗalibi ke sa baki a tattaunawar aji, ta yadda aikin gida guda biyu da ba a miƙa ba za su iya mayar da A ta koma B. Ga ɗalibin da ya zo da sakamako daga Nijeriya ko Gana, ko daga Nijar inda ake ba da maki bisa 20, yana da kyau a zauna da mai ba da shawara a ga yadda aka juya tsohon sakamakon zuwa ma'auninsu, a kuma tambaya ko an haɗa shi cikin matsakaicin ko an ajiye shi gefe.

Tambaya ta ƙarshe a kan maki ita ce ko reshen yana amfani da ma'auni mai ƙarin nauyi. Wasu makarantu suna ba darussa masu wuya, irin na AP, wato darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare, ƙarin lamba, ta yadda A za ta zama 5. Inda ake yin haka, ɗaukar darasi mai wuya riba ce biyu. Inda ba a yi, sai yaro ya auna ƙarfinsa, kodayake a ganina guje wa darasi mai wuya don kare maki ciniki ne mara riba, tunda jami'o'i suna duba irin darussan da aka ɗauka fiye da yadda suke duba sunan wata ƙungiya.

Mataki na huɗu: hidimar sa kai da rubuta ta

Hidima a ma'anar ƙungiyar ita ce aikin da ɗalibi ya yi wa makaranta ko al'umma da son ransa, ba tare da an biya shi ba. Yaran Hausawa da ke birane irin su New York da Houston da Atlanta suna yin irin wannan aiki sosai: suna koyar da ƙanana karatu a islamiyyar ƙarshen mako, suna rabon abincin buɗe-baki a masallaci duk watan azumi, suna tattara kayan sanyi don sababbin zuwa, suna yi wa dattawan unguwa tafinta wajen cike takardu, waɗanda ke zuwa coci kuma suna da nasu ayyukan a can. Matsalar ita ce tarbiyyarmu ta koya wa yaro cewa aikin lada ba a ƙirga shi, kuma faɗar abin da ka yi da bakinka yabon kai ne. Kwamitin da zai yi zaɓe kuwa ba ya zuwa masallaci, abin da ke kan takarda kawai yake gani. Rubuta sa'o'in da aka yi domin amsa tambayar makaranta shaida ce da aka nema, kuma ya kamata iyaye su faɗa wa yaro haka ƙarara, don kada kunya ta sa ya miƙa fom rabinsa fanko.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ware littafi guda tun daga aji na 9. Duk ranar da aka yi aiki a rubuta kwanan wata, wurin, abin da aka yi, sa'o'in da aka ɗauka, da sunan babban da ya kula da aikin tare da sa hannunsa da lambar wayarsa. Yawancin rassa ba sa karɓar sa hannun uba ko uwa ko ɗan'uwa, saboda haka a nemi na limami, ko shugaban islamiyya, ko mai kula da ɗakin karatu. A karɓi sa hannun a ranar da aka yi aikin, domin neman mutum bayan shekara biyu ya tuna ranar da ka share harabar masallaci wahala ce ga kowa.

Dole a tambayi mai kula da reshen abin da suke ƙirgawa da wanda ba sa ƙirgawa. Aikin gida da renon ƙanne ba sa shiga hidima a yawancin wurare, haka ma taimakawa a shagon iyali. Game da ayyukan addini kuma rassa sun bambanta: wasu suna karɓar komai, wasu suna karɓar abin da ya amfani jama'a kamar rabon abinci amma ba sa ƙirga ibada ita kanta, wasu kuma suna so a ga wani kaso na sa'o'in a cikin makaranta. Saboda haka yana da kyau yaro ya haɗa da aiki ɗaya a wajen al'ummarsa, misali rumbun rabon abinci na gari, ɗakin karatu na unguwa, gidan kula da tsofaffi, ko koya wa 'yan ajin ƙasa lissafi bayan an tashi. Aiki ɗaya da aka dawwama a kansa shekara biyu ya fi cika ido a wurin malamai a kan sa'o'i talatin da aka tattara a gaggauce mako biyu kafin rufe karɓar fom, domin kwanakin da ke kan takardar sukan tona asirin mai gaggawa.

Mataki na biyar: shugabanci

Ɗalibai da yawa suna karaya a nan don ba su taɓa riƙe muƙami ba. Muƙami yana taimakawa, ko na majalisar ɗalibai, ko kyaftin na ƙwallo, ko sakataren kulob ɗin muhawara ko na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, amma ƙungiyar ta yarda da shugabancin da ba shi da suna, wato wanda aka ga ɗalibi ya hango matsala ya jawo wasu suka magance ta. Yarinyar da ta lura sababbin ɗalibai masu jin Faransanci suna ɓacewa a darasin kimiyya, ta haɗa su rukuni suna bita duk Laraba, ta yi shugabanci. Haka yaron da aka damƙa wa horar da sababbin ma'aikata a wurin aikinsa na bayan makaranta. Nauyin gida ma, wanda ba ya shiga hidima, ana iya kawo shi a nan ko a cikin rubutun bayanin kai, idan ɗalibi ne ke ɗauko ƙannensa daga makaranta kullum ya kula da su har iyaye su dawo daga aiki, domin yana bayyana wa kwamiti dalilin da ya sa ba a ganin sa a kulob bayan an tashi.

Mataki na shida: halin kirki

Wannan ginshiƙi malamai ne ke ba da shaidarsa, kuma a makarantu da yawa ana rarraba sunayen 'yan takara ga dukkan malamai domin kowa ya faɗi abin da ya sani. Ana duba gaskiya, riƙon amana, ladabi, zuwa a kan lokaci, da tarihin ladabtarwa. Laifin da ya fi saurin rushe takara shi ne satar amsa da kwafar rubutun wani a gabatar da shi a matsayin na kai, kuma bai wa aboki aikin gida ya kwafa, wanda yaro zai ɗauka zumunci ne, laifi ne daidai da na wanda ya kwafa. Abin da ɗalibi ke wallafawa a Instagram ko TikTok ma yana iya isa ofishin makaranta.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Yaron da aka yi wa tarbiyya ya sunkuyar da kai gaban babba, ya yi shiru har sai an tambaye shi, malamin Amurka yana iya fassara halinsa da rashin sha'awa, ko kuma ya kai ƙarshen shekara bai san shi ba sam, alhali malamin da bai san ɗalibi ba ba shi da abin da zai rubuta a kansa. Ya kamata yaro ya saba da ɗaga hannu a aji, da zuwa wurin malami bayan darasi da tambaya, ta yadda aƙalla malamai biyu ko uku za su san shi da kyau. Na biyu shi ne fashi. Makarantun gwamnati na birnin New York suna hutun ƙaramar Sallah da babbar Sallah, amma a wurare da yawa ba a yi, don haka sai iyaye su rubuta wa makaranta tun kafin ranar domin a rubuta fashin a matsayin mai izini. Tafiya gida biki ko gaisuwa ta mako uku a tsakiyar zango tana cin maki da tarihin halarta a lokaci guda, kuma idan ba dole ba gara a jira dogon hutun da ke farawa a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni.

Mataki na bakwai: cike fom da zaman kwamiti

Idan makin ɗalibi ya kai, makaranta za ta sanar da shi cewa ya zama ɗan takara, ta ba shi fom ɗin bayanai. Samun fom ɗin bai nufin an karɓe shi. A cike kowane gurbi da bayani mai lamba: maimakon a rubuta "na taimaka a masallaci", a rubuta cewa an koyar da yara goma sha biyu karatu duk Asabar na sa'a biyu tun daga watan kaza. Kalmomi irin su islamiyya da buɗe-baki a yi musu gajeren bayani, tunda mai karantawa ba lallai ne ya san su ba. Inda ake neman wasiƙar shaida, a roƙi malami aƙalla mako biyu kafin ranar rufewa, a ba shi jerin ayyukan da aka yi don ya samu abin kafa hujja. Ranar rufewa kuwa ba a wasa da ita, domin rassa da yawa suna ɗaukar jinkirin miƙa fom a matsayin amsa ga tambayar riƙon amana.

Masu yanke hukunci malamai biyar ne da shugaban makaranta ya naɗa, kuma ana zaɓe ne da rinjayen ƙuri'a, wato uku cikin biyar. Malamin da ke kula da reshen yana zama tare da su a matsayin na shida amma ba ya jefa ƙuri'a, shugaban makaranta da mataimakinsa kuma ba sa cikin kwamitin. Wanda aka zaɓa ba ya zama mamba sai ya halarci bikin karɓa, inda aka saba kunna kyandir huɗu da sunan ginshiƙan huɗu a kuma yi alkawari, saboda haka a kiyaye ranar, iyaye su ma su je.

Idan ba a zaɓi ɗalibi ba

A nemi ganin mai kula da reshen cikin natsuwa a tambayi ginshiƙin da aka ga rauni a cikinsa. Idan kuskure ne na lissafin maki ko wata takarda ta ɓata, ana kai koke wurin shugaban makaranta, babban ofishin ƙungiyar kuma ba ya sauraren ƙorafin rashin zaɓe. Wanda aka bari a aji na 11 yakan samu damar sake takara a aji na 12. Akwai kuma ƙungiyoyin karramawa na darasi guda, kamar Mu Alpha Theta ta lissafi, Tri-M ta kiɗa, da Société Honoraire de Français ta Faransanci, wadda yaran da suka taso da karatun Nijar ko Kamaru ko Cadi za su iya samun sauƙin shiga idan suna ɗaukar darasin a makarantar. Ɗaliban musanya da ke zuwa na shekara guda kuwa, kundin ya ba reshe damar ba su mambancin girmamawa.

Bayan an shiga

Mamba zai ci gaba da riƙe makin da ya shigar da shi, ya halarci taruka, ya shiga aikin hidimar reshe, ya kuma yi nasa na ƙashin kansa. Wasu rassa suna karɓar ɗan kuɗin shekara, wanda kuma ba shi da hali sai ya sanar da mai kula da reshen. Idan maki ya faɗi ko aka samu saɓa doka, ana ba da gargaɗi a rubuce tare da lokacin gyara, sai dai laifin ya yi muni, kuma kafin a kori mamba yana da haƙƙin ya bayyana gaban kwamitin ya kare kansa. A yi hattara da fushi a nan, domin wanda aka kora ko ya yi murabus da kansa ba zai sake zama mamba ba har abada.

'Yan ajin ƙarshe suna iya neman tallafin karatu na ƙungiyar, wanda ake bayarwa tun 1946, kuma mai kula da reshen ne zai nuna musu hanya da lokacin buɗewa. Iyalin da za su sauya gari kuma su karɓi wasiƙa daga shugaban makaranta ko mai kula da reshen da ke tabbatar da cewa yaron mamba ne, domin da ita sabuwar makarantar za ta karɓe shi ba tare da sabon zaɓe ba, sannan ta ba shi zangon karatu guda ya cika sharuɗɗan reshenta idan sun fi na tsohuwar tsauri.